Ranar da Na Siffanta Ragon Gwaggo

Tun ina ƙarama ake yi mini faɗa a kan kallo. Ba ni da yawan magana, amma idan baƙuwa ta shigo gidanmu a unguwar Dembe, kafin ta gama gaisuwa na riga na ga cewa ɗan kunnenta na hagu ba irin na dama ba ne, na kuma ga inda ta ɗinke gyalenta da zaren da bai dace ba. Ba na faɗa wa kowa. Ido kawai nake zuba mata, har Inna ta harare ni ta ce, "Ke, tashi ki ɗebo ruwa. Mutum ba talabijin ba ne."

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce ta laƙaba mini "mai ido". Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin ƙurya na gidanmu tare da 'yarta, taubashiyata, wadda muke sa'o'in juna. Ita taubashiyar tawa bakinta ba ya hutawa. Takan ce da za a haɗa idona da bakinta a jiki ɗaya, da an sami mutum cikakke.

Ina da shekara goma sha biyu wata mata ta tare a layin bayanmu. Daga Najeriya suka zo, mijinta yana shigo da atamfa ta Ngeli, inda gadar kan iyaka take. An ce a can garinsu malamar firamare ce. Ba a daɗe ba ta fara tara yaran unguwa ranar Lahadi da hantsi, tana koya musu Ingilishi a ƙarƙashin darbejiyar gidan da suke haya. Baba mahauci ne, kuma yana hulɗa da dillalan shanu masu ƙetarawa, saboda haka bai yi gardama ba. Ya ce mu je ni da taubashiyata, wataƙila wata rana mu karanta masa takardun da ake kawo masa daga can.

Mu tara ne a kan tabarma biyu. Kowannenmu ya riga ya saba da harshe uku: Hausa a gida, Larabci a kan titi da kasuwa, Faransanci a lakol, wato makarantar boko. Ingilishi ya zama na huɗu, kuma shi kaɗai ne ba a taɓa dukana a kansa ba. Malama ba ta riƙe bulala. Tafi take sa mu yi. Idan mutum ɗaya ne ke aikin, sai mu ƙara wa kalmar ɗan sautin nan na "s" a ƙarshe mu tafa sau ɗaya. Idan mutane da yawa ne, sai mu bar kalmar yadda take mu naɗe hannu. Wanda ya tafa a inda ba a tafawa, shi zai naɗe tabarma in an tashi. Taubashiyata ta naɗe tabarmar nan har Malama ta ce za ta ba ta ita kyauta ranar aurenta.

Hausar Malama ma abin saurare ce a wurinmu. Ba ta cakuɗa ta da Larabci kamar yadda muke yi. Kakannin kakanninmu sun baro ƙasar Hausa ne a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Idan Malama tana magana, sai in ji kamar wani daga cikin waɗanda aka baro a baya ne ya biyo sawu ya iske mu.

Bayan tafi sai a shiga abin da na fi so. Malama takan ɗauko wani abu daga ɗakinta ta ajiye a tsakiyar tabarma: albasa, ko takalmi ƙafa ɗaya, ko ludayi. Kowa zai faɗi jimla ɗaya a kansa da Ingilishi.

"Kada wanda ya ce mini abu mai kyau ne," in ji ta. "Kyau bai nuna mini komai ba. Ku ɗauka ni makauniya ce. Ku faɗa mini abin da idonku ya gani."

Wata Lahadi ta ajiye ƙaramin kofin shayi na gilashi. Wani ya ce ƙarami ne. Wata ta ce babu komai a ciki. Taubashiyata ta ce na Malama ne, aka yi dariya, Malama ta ce jimlar daidai ce amma makauniya ba ta ƙaru da komai ba. Da aka zo kaina, na san abin da nake so in faɗa. Na motsa baki, ba wanda ya ji.

"Ɗaga murya, 'yar ƙanwata."

Na kasa. Na sunkuyar da kai ina jiran a wuce ni kamar yadda ake yi a lakol. Sai ta matso ta durƙusa kusa da ni ta ce in raɗa mata da Hausa. Na ce akwai ɗan tsagu a kusa da gindin kofin, siriri kamar gashi, ya lanƙwasa zuwa hagu. Ta ɗauki kofin ta ɗaga shi sama wajen hasken da ke ratsowa ta ganyen darbejiya. Ta daɗe tana juya shi.

"Shekara biyu ina shan shayi a kofin nan," ta ce, "ban taɓa ganinsa ba."

Ta rubuta mini kalmar tsagu da Ingilishi a tafin hannuna da jan bironta, wanda mu muke ce wa bik. Ranar ban wanke hannun hagu da sabulu ba. Wannan ne karon farko da kallona ya zama abin da ake so.

Daga nan ta bar ni in riƙa rubuta jimlolina maimakon in faɗa. Tana da doka ɗaya a kan littafi: a bar fili a gefen hagu, faɗin yatsa biyu, ba a rubuta komai a ciki. Nan ne wurinta. A nan take gyara da jan bik, da ƙananan haruffa masu karkata, wani lokaci ta zana ɗan tauraro.

Akwai wani abu da dukanmu muke yi wanda yake ba ta dariya. A gidajenmu ba a yabon abu a bar shi haka. In ka ce jariri ya yi ƙiba, ko saniya ta cika nono, dole ka bi da tubarkalla, in ba haka ba duk abin da ya same shi bakinka ne. To haka muka kwaso wannan muka shigo da shi Ingilishi. Yaro zai miƙe ya ce jaririn gidansu mai ƙiba ne da Ingilishi tsaf, sannan ya ƙara da "tubarkalla ma sha Allah". Wata ma ta rubuta shi sau shida a shafi ɗaya.

"Na sani, mu ma haka muke yi," in ji Malama. "Ku faɗa da bakinku, Allah yana ji. Amma kada ku rubuta. Mai duba jarrabawa bai san da shi ba."

Wata biyu kafin Babbar Sallah ta ba mu aikin gida: kowa ya siffanta wata dabba ta gidansu da jimla goma.

Dabba ɗaya ce a gidanmu da ta isa a rubuta, ragon Gwaggo. Tun yana ɗan ƙarami ta sayo shi wajen wani Bafulatani a Tukura, can bayan gari, ta ɗauko shi a kan cinyarta a bayan babur. Uda ne, gabansa ja, bayansa fari, iyakar launukan a miƙe kamar an tsoma shi rabi a rini an ciro. Ta turke shi a lungun bayan ɗakinta, ta rataya tsohon zane a bakin lungun don kada baƙi su gan shi. Dusa da harawa da bawon kankana, ruwan kanwa duk Juma'a, wanka da sabulu. Ta ɗaura masa ƙaramar laya a wuya. Kowa a gidan ya san niyyarta: ta sayar da shi ana gab da layya ta sayi keken ɗinki, ta daina ɗinkin hannu da ke cinye mata ido.

Yamma uku na yi ina zaune a kan turmi a bakin lungun, lokacin da Gwaggo ke kasuwa. Na rubuta jimla goma, na ga ban ma fara ba. Na rubuta cewa ƙahonsa na dama ya fi na hagu lanƙwasa. Na rubuta cewa akwai fata mai lilo a ƙarƙashin wuyansa da ke rawa idan yana tauna. Gwiwoyinsa na gaba sun yi kanta saboda durƙuso. Idonsa ruwan zuma ne, baƙin da ke tsakiyarsa a kwance yake, ba zagaye ba. Yana gane tafiyar Gwaggo tun daga zaure, ya miƙe kafin ta yi sallama. Kalmomin da ban sani ba na bar musu gurbi na rubuta Faransancinsu da fensir.

Na kuma rubuta wani abu da na gani a duka yammacin ukun. Iska tana tara baƙaƙen ledoji a gindin katangar lungun. In ba kowa, ragon yakan ja igiyarsa har ta miƙe, ya miƙa wuya ya kamo leda da leɓe, ya lumshe ido yana taunawa a hankali har ta ɓace.

Na san leda ba abinci ba ce. Sau biyu na je ƙofar ɗakin Gwaggo da niyyar in faɗa mata. Na tsaya ina kallon labulenta mai zanen tsuntsaye, ina jin ƙarar almakashinta a ciki. Sai in tuna abin da za ta fara cewa: me ya kai idonki kan ragona? Sau biyun duka na juya. Na kwashe ledojin da na gani na zubar, na ce wa kaina ya isa. Iska kuwa kullum tana kawo wasu.

Ranar Lahadi Malama ta karɓi littattafai tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo nawa ta tsaya. Ta juya shafi, ta sake juyawa. Sannan ta ce kowa ya ajiye bik. Ta karanta shi da ƙarfi, jimla da Ingilishi, sannan ta maimaita da Hausa don kowa ya bi. Na sa fuskata a tsakanin gwiwoyina. Amma ban so ta tsaya ba. A bakinta jimlolina sun zama kamar na cikin littafin gaske. Da ta zo wajen leda yara suka fashe da dariya, wani ya kwaikwayi ragon yana lumshe ido.

"Ban taɓa shiga gidansu ba," Malama ta ce, "amma in aka saki ragon nan a cikin garke, zan nuna shi. Wannan shi ne siffantawa."

Ta ce in bar mata littafin, tana so ta gyara shi a natse.

Taubashiyata ba ta jira mun cire takalmi ba. Tun daga zaure take kira. "Umma! Ragonmu ya shiga Ingilishi! An karanta shi a gaban kowa, ƙahonsa, wuyansa, ƙibarsa, komai!"

Gwaggo tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar.

"A gaban wa?"

"'Yan ajinmu. Mu tara. Da matar mai gidan ma tana jin mu daga madafa."

"Wa ya rubuta?"

"Wa kuwa? Mai ido."

Gwaggo ta dube ni. "Kin sa tubarkalla?"

Taubashiyata ta amsa a madadina, da muryar da ta fara yin ƙasa. "Malama ta ce ba a rubutawa."

Gwaggo ta tashi ta shiga lungun, muka ji tana tofa masa addu'a. Da yamma ta ƙara zane na biyu a kan na farko.

Kwana biyar bayan haka ragon ya ƙi dusa. Washegari ya ƙi harawa. Ya kwanta ya miƙe wuya a ƙasa yana cizon haƙora, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Gwaggo ta ɗura masa ruwan kanwa, ta ɗura masa man gyaɗa, ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta. Da ta yi motsi zai bi ta da ido, amma bai miƙe ba. A rana ta uku aka aika kasuwa aka kira Baba da azahar. Ya durƙusa ya danna cikin da yatsu, ya buɗe bakin ya duba, ya girgiza kai.

"Ba zai kai magariba ba. Gara a yanka ya zama nama."

"Yaya, saura 'yan makonni," in ji Gwaggo.

"Na sani. Kawo ruwa."

Gwaggo ta shige ɗaki ta saki labule. Ni ce na riƙe wa Baba buta. Da ya farke tumbin, ya sa hannu ya ciro wani dunƙule baƙi, ya kai ƙaramar ƙwarya, a cure kamar an saƙa shi. Ya ɗauraye shi ya ajiye a kan faranti, ya kira ƙanwarsa.

"Fito ki gani. Leda ce. Kusan kullum ina cin karo da ita a cikin dabba. Wannan ta daɗe tana taruwa, ba ta mako ɗaya ba ce. Ba bakin kowa ba ne."

Gwaggo ta fito, idonta ja. Ta dubi farantin. "Da can yana cin ta yana tashi lafiya. Sai da aka kai shi bainar jama'a ta kashe shi?"

Taubashiyata ta so ta cece ni. Na san haka take nufi. "Umma, ai ta ma rubuta! Wallahi ta rubuta yana cin leda in ba kowa. Har aka yi dariya."

Ruwa yana ɗiga daga bakin butar da ke hannuna a kan ƙafata.

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kin gani? Da idonki kin gani? Kika kwashe kika kai wa 'ya'yan mutane da Ingilishi suka yi dariya, ni da nake hana cikina in ba shi, ba ki iya faɗa mini da Hausa ba? Taku nawa ne daga turmin nan zuwa ƙofata?"

Taku shida ne. Na taɓa ƙirgawa.

Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya san ban yi da mugunta ba, amma gida ɗaya muke, kuma ba zai yiwu gwaggona tana kuka a ɗaki ni ina fita da littafi a hannu zuwa wurin da abin ya faro ba. In dakata da zuwa, ni da taubashiyata, sai ranar da Gwaggo da bakinta ta ce mu koma.

Lahadin farko wanke-wanke na yi. Daga bayan katangarmu, in iska ta juyo, ana jin tafin. Tafi ɗaya, shiru, tafi ɗaya. Na tsaya da kwano a hannu ina ƙoƙarin gane wace jimla ce suke kai. Taubashiyata ta zo ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Ko wa ke naɗe musu tabarma yanzu?" Ta yi dariya, ni ban iya ba.

Na ci gaba da yin darasin a cikin kaina. In na kai wa Baba abinci kasuwa, sai in zaɓi abu ɗaya a hanya in siffanta shi: tulin takalman gwanjo da aka ɗaure bibbiyu da igiyoyinsu, mai shayin da ke ɗaga buta sama har kumfa ta taso, ƙudajen da ke tashi tare su sauka tare a kan teburin nama. Kowace jimla sai ta tsaya a wani gurbi, inda kalmar da ban sani ba take. Da can in na tara irin waɗannan guraben, Lahadi ce ke cike su. Yanzu sai taruwa suke yi. Hanyar dawowa takan bi ta ƙofar gidan Malama idan na so. Nakan rage tafiya in ga saman darbejiyar ta kan katanga, in wuce.

A mako na uku Malama ta zo gidanmu da kanta. Ina cikin ɗakin Inna na ji sallamarta, na gane muryar tun kafin ta rufe baki. Na laɓe a bayan labule. Ta ƙasansa ƙafafunta kawai nake gani: silifa shuɗi, lallen da ya fara kodewa ya koma ruwan goro, ɗan tabo a kan idon sawun dama. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo.

"Na zo jaje ne, Yaya," in ji Malama. "Na kuma zo ba da haƙuri. Yarinya ba ta ce a karanta ba. Ni na karanta."

"Malama, ba ki da laifi. Aikinki kika yi. Allah ya riga ya rubuta kwanansa."

"To a bar mini su su dawo. Ita wannan, ban taɓa koyar da mai ido irin nata ba."

"Idon ai shi ne maganar," Gwaggo ta ce. "Ki yi haƙuri. Sai ta koyi yi wa mutanen gidansu magana tukuna, sannan ta koyi ta Turawa."

Na ga babban yatsan ƙafar Malama yana murza bakin tabarma. Sannan ta tambaya ko ina nan. Inna ta kira ni sau biyu. Hannuna yana kan labulen. Abin da ya rage kawai in ɗaga shi in fito in durƙusa in ce ina wuni. Kunya ta riƙe ni, irin wadda ta riƙe ni a ƙofar Gwaggo. Inna ta ce wataƙila na yi barci.

Da za ta tafi, ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata. "A faɗa mata littafinta yana wurina. Yana jiranta."

Na leƙa ta gefen labule na ga bayanta, gyale ruwan toka, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka.

Sallah ta zo ta wuce. Bayan ta da kamar wata guda, Baba ya shigo da ɗan rago fari a kafaɗa ya ajiye a ƙofar Gwaggo. Ta turke shi a lungun. Wannan karon ita da kanta take share gindin katangar safe da yamma. Ni kuwa na daina zama a kan turmi. In zan wuce lungun sai in kau da kai.

Amma ido ba ya tambayata kafin ya gani. Wata safiya ina shanya, na lura ɗan ragon yana karkata kansa zuwa hagu, yana girgiza kunne ɗaya, yana goga shi a jikin turke. Washegari ma haka. Na je ƙofar Gwaggo. Labulen nan ne dai mai tsuntsaye. Na tsaya har ƙafata ta fara juyawa da kanta, sai na yi sallama da sauri don kada in sami damar fasawa.

"Gwaggo, ɗan ragon nan, kunnensa na hagu. Ina jin akwai wani abu a ciki."

Ta dube ni ta saman ɗinkinta. Ta tashi ta wuce ni zuwa lungun. Ta kama kansa ta juya kunnen wajen haske. Kaska ce, har biyu, sun ƙoshi sun yi fari-fari, can ciki inda ba a gani. Ta cire su ta jefa a garwashi. Na koma wajen shanyata.

Ranar Asabar muna tsince shinkafa ni da taubashiyata, Gwaggo ta wuce da bokiti. Ba ta tsaya ba ta ce, "Gobe Lahadi ko? Ku tashi ku koma wajen tafinku. Kun ishe ni da zugum a tsakar gida."

Da safe na riga kowa wanka. Muka bi layin baya, taubashiyata tana gaba tana ta lissafa ƙaryar da za ta yi wa 'yan aji a kan inda muka shiga. Tun daga ƙofa na san akwai abin da ya canza, don ba a jin tafi. A ƙarƙashin darbejiyar babu tabarma, busassun ganye ne kawai ba a share ba. Igiyar shanyar Malama ba ta nan, sai ƙusoshin biyu. Ƙofar ɗakinta a buɗe, ciki fayau.

Matar mai gidan, wata tsohuwa da ba ta jin Hausa, ta fito daga madafa. Ta faɗa mana da Larabci cewa sun tashi kwana goma da suka wuce. Mahaifiyar Malama ce ba lafiya, mijin kuma ya ce su koma gaba ɗaya. Mota ta zo da sassafe, aka ɗaura katifa a sama, suka nufi Ngeli. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya wace ce mai ragon. Taubashiyata ta nuna ni. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a naɗe cikin baƙar leda.

"Riƙe da kyau," taubashiyata ta ce a hanya, "kada sabon ragon ya gani ya yi kwaɗayi." Da ta dubi fuskata sai ta kama hannuna har gida.

A kan turmi na buɗe shi. Filin yatsa biyun nan ya cika da ja daga sama har ƙasa. Duk gurbin da na bari ta cike shi, ta rubuta kalmar Ingilishi a saman Faransancin fensir ɗina. Wuri huɗu na manta da sautin da ake tafa wa, ta zagaye su. Taurari uku. A gefen jimlar leda ta ja layi biyu, ta rubuta da Hausa: "Wannan ta fi duka. Kin faɗa wa mai ragon?" Har yau ban sani ba ko a ranar da ta karɓi littafin ta rubuta wannan, ko bayan ta ji labari.

Na ɗauka shi ke nan, sai na juya shafi. A saman kowane shafin da ban rubuta komai ba ta sa take da jan bik, har ƙarshen littafin. Ƙofar gidanmu. Hannun mahaifina. Kasuwa bayan ruwan sama. Mai sayar da shayi. Gada.

Yanzu shekara uku ke nan. Ina yin Ingilishi a lakol, mu fi saba'in a aji, malamin bai san muryata ba. Na cike yawancin shafukan, a hankali, don ba na so su ƙare. Na gadar na daɗe ban taɓa shi ba, sai da na raka Inna Ngeli sayen atamfa. Na tsaya a gefe ina kallon masu ƙetarawa, mata da kaya a ka, babura ɗauke da buhuna har ba a ganin mai tuƙi, ruwan kogin a ƙasa launin shayi da madara. Na kama kaina ina duba ƙafafun mata, ina neman silifa shuɗi. Da muka dawo na rubuta shafi guda da rabi, na karanta wa Gwaggo da Hausa tana taka kekenta, wanda farin ragon ya saya mata. Ta ce na manta da warin kifi. Na koma na ƙara.

Shafi biyu suka rage. A duk waɗanda na cike na bar filin a gefen hagu, faɗin yatsa biyu. Na san akwai kurakurai a ciki, ina jin su, amma ban san inda suke ba.